Aji mai yara 90, ba wuta ba kwamfuta: ta ina zan fara shirya su don gobe?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, kimiyya nake koyarwa a aji ɗaya da aji biyu. Duk bitar da aka kira mu sai an ce mu koya wa yara ƙwarewar zamani saboda ayyukan gobe ba irin na yau ba ne, amma ba wanda ya taɓa gaya mana yadda za mu yi. Yarana sun kai 90 a aji, ba wuta, ba kwamfuta, wayata ce kawai kuma ni ke sa mata data. In na shiga intanet neman kayan koyarwa sai in ruɗe, abu ya yi yawa kuma duk na ƙasashen waje ne. Don Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, wallahi tambayar nan ta taɓa ni don ni ma na tsaya gaban irin wannan ajin shekara da shekaru kafin in koma horar da malamai. In na fahimce ki abu biyu kike nema, na farko mene ne ma ainihin wannan ƙwarewar da ake ta faɗa mana a bita, na biyu kuma a cikin tarin abin da ke intanet wanne zai yi miki aiki da waya ɗaya da datar da kike saya daga albashinki. Bari in fara da na farkon don shi ne zai nuna miki abin da za ki ɗauka a na biyun.

Maganar cewa ayyuka na canzawa gaskiya ce, ba sai mun je nesa ba. Shekara 15 baya wa ya san sana'ar POS? Yau ba lungun da babu mai lema da na'ura a hannu. Ki leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ki ga matasan da ke cin abinci da gyaran waya da sa manhaja, ga masu haɗa sola, ga matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga cikin ɗakinsu. Taron tattalin arzikin duniya da ake yi a Davos ya fitar da rahoto a 2025 da ya yi hasashen kusan kashi 39 cikin 100 na ƙwarewar da ma'aikata ke amfani da ita za ta canza kafin 2030, kuma abin da masu ɗaukar aiki suka sa a gaba shi ne iya tunani da warware matsala. Ko a nan gida, sabuwar manhajar karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta sa sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta. To amma ki lura, duk waɗancan matasan na Farm Centre ba wata makaranta da ta koya musu wayar da ke hannunsu yau, don lokacin da suke aji ba a ma ƙera ta ba. Wanda ya yi fice a cikinsu shi ne wanda in sabuwar waya ta zo zai iya nemo bayani, ya karanta ko ya kalli bidiyo, ya gwada, in ya lalata ya gane inda ya kuskure. Wannan ita ce ƙwarewar a ganina, yaro ya iya koya wa kansa abin da ba a koya masa ba. Kuma yawancinta ba ta buƙatar wuta.

Ki fara duba waye ya iya karatu

Na san ba shi kika tambaya ba amma dole in tsaya a nan, don shi ne abin da ake tsallakewa a bita. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun fitar a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Yaran nan su ne suke shigowa ajinki na ɗaya. Yaron da bai iya karanta sakin layi ɗaya ba ko kin ba shi kwamfuta sabuwa dal hotuna kawai zai kalla.

Abin da nake yi farkon kowane zango, kuma nake ba malamai shawara, shi ne in rubuta ɗan labari na layi huɗu a takarda, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, in riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya bakin ƙofa yayin da sauran ke aikin da na ba su, minti ɗaya kowa, ya karanta in yi masa tambaya ɗaya. Cikin sati biyu kin gama da 90 ɗin. Ranar da na fara yin haka jikina ya yi sanyi, akwai wani yaro da kullum littafinsa ya fi na kowa tsabta, duk abin da na rubuta a allo yana ciki ba kuskure, ashe zana haruffan yake yi kamar mai zanen hula, bai san me suke cewa ba. Shekara guda yana gabana ban sani ba. Daga nan sai ki raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, ki ba masu rauni minti 15 na karatu ko da sau uku a sati. Wannan dabara ba tawa ba ce, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da ita, ana ce mata TaRL, kuma an yi aiki da ita a Borno da Kano. Kayan karatun kuma kyauta suke, shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver duka suna da labaran yara da Hausa da Turanci masu matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana sauke su a waya, wanda ya yi miki ki kai shagon masu hoto a buga kwafi 10 ki sa a leda, ya ishi rukuni.

Abin da ake yi da alli da kwali

Akwai wani shiri da ake kira CS Unplugged, malamai a jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suka fara shi, gaba ɗayansa koyar da tunanin kwamfuta ne ba tare da kwamfuta ba. Bari in ba ki ɗaya da nake so sosai. Ki yanka kwali gida 5, ki ɗiga ɗigo a kowanne, na farko ɗigo 16, na biyu 8, sai 4, sai 2, sai 1. Ki fito da yara 5 gaban aji kowa ya riƙe ɗaya. Doka ɗaya ce, kwali ko dai ya fuskanci aji ko ya juya baya. Sai ki ce a nuna miki 13. Za ki ji aji ya kaure, wannan na cewa mai 16 ya juya ya yi yawa, wancan na cewa mai 8 ya tsaya, har su gano 8 da 4 da 1. Sai ki rubuta a allo, wanda ya juya sifili, wanda ya tsaya ɗaya, 01101, ki ce musu haka wayar babanku ke ajiye lamba. Tambayar da ke biyo baya ita ce mai daɗin, wace lamba ce mafi girma da za mu iya yi da kwali 5? In suka samo 31 sai ki ce to ina son 40, ya za a yi? Ki yi shiru. Kar ki ba su amsa, wannan shirun shi ne darasin. Akwai ranar da wata yarinya daga can baya wadda ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce Malam a ƙaro kwali mai 32, na ce don me 32, ta ce ai kowanne ninkin na kusa da shi ne. Ban koya mata wannan ba, ita ta gani.

Na biyu shi ne aikin kasuwa. Ki raba su rukuni na mutum 8 ko 10, kowane rukuni da kayansa, wannan kwanon masara, wannan shinkafa 'yar gida, wannan kwalbar manja, wannan gawayi. Duk sati su tambayo farashi, a gida ma iyaye mata sun sani ba sai an tura yaro kasuwa ba, su rubuta a tebur a bayan littafi. Bayan sati 8 su zana jadawali a kwali su fito su yi wa aji bayani me ya hau me ya sauka kuma a ganinsu don me, kaka ce ta shigo ko kuɗin mota ne ko azumi ya gabato. Kin ga a nan sun tattara bayanai, sun tsara, sun yi lissafi, sun yi aiki tare, sun tsaya gaban jama'a sun yi magana, an yi musu tambaya sun kare kansu. Ranar da yaron nan ya zauna gaban Excel, manhajar kwamfuta da ake jera lissafi a tebur da ita, minti 30 ya ishe shi don ya riga ya san me ake nufi da layi da ginshiƙi. Abu ɗaya da za ki kula, in aji a haɗe yake maza da mata, maza kan ƙwace magana da alƙalami, ni dai sai na riƙa naɗa mai rubutu da mai bayani da kaina ina juya su duk sati.

Sai tantance labari, wannan kam ina ganin yanzu ya zama wajibi. Ki ɗauko wani hoto ko saƙo da ke yawo a WhatsApp, irin na ganye kaza yana warkar da cuta 40 ɗin nan, ki karanta musu ki tambaya, wa ya faɗa, yaushe, ya aka yi ya sani, me zai samu in mun yarda. Yaranmu sun riga sun san wannan tunanin daga Islamiyya, sun san ana tambayar wa ya ruwaito kafin a karɓi magana, ke dai kawai ki nuna musu cewa saƙon waya ma haka ne. In hoto ne ki sa shi a Google Lens, manhajar da ke binciko hoto a intanet, a gabansu su ga inda ya fara fitowa, sau da yawa za ki tarar tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Dubawa da Africa Check suna bin diddigin irin waɗannan labaran, kina iya samun misalai a wajensu.

Yanzu kayan intanet ɗin

Dalilin da ya sa kike ruɗewa shi ne kina shiga ba da buƙata ɗaya ba, kamar mai shiga Kantin Kwari bai san me ya zo saya ba. Ki buɗe tsarin aikinki na zango, ki ga darasin sati mai zuwa, ki tambayi kanki wane ɓangare ne kullum yara ba sa ganewa in na yi da baki da allo. Shi kaɗai za ki nema. In kin samu ki sauke shi sau ɗaya, da dare lokacin garaɓasar data in kina da hali, ki ajiye a memori, shi kenan kin mallake shi har shekara mai zuwa. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 ni ba na ba malami shawarar duk abin da sai da netwok zai buɗe a cikin aji.

Tunda kimiyya kike koyarwa, PhET ne na farko, wato tarin gwaje-gwajen kimiyya masu motsi da ake taɓawa a allon waya ko kwamfuta. Jami'ar Colorado ta Amurka ce ke yin sa, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel a fizis ya kafa shi a 2002, kyauta ne a shafinsu, kuma kowane gwaji ana iya sauke shi ya buɗe ba data. Akwai na haɗa wayar lantarki da batir da ƙwan fitila, akwai na yadda ruwa ke zama ƙanƙara ko tururi, akwai na ƙarfi da motsi. Yadda nake yi da waya ɗaya, kafin in nuna komai sai in zana a allo, batir ɗaya ƙwai biyu a jere, in ce kowane rukuni ya rubuta hasashensa, in na cire ƙwai ɗaya me zai faru da ɗayan. Sai rukuni-rukuni su zo tebur minti 3 su taɓa da hannunsu su gani, sauran na rubuta dalilin hasashensu. Wayar tana kan tebur ina tsaye a wajen, ba ta yawo cikin aji. Washegari in zo da batir na gaske da ƙwan tsohuwar cocila da guntun waya su haɗa. Wannan na ƙarshen kar ki bar shi, hoton da ke motsi a waya ba ya maye gurbin abin da yaro ya riƙe ya ji ɗuminsa.

Shafin darussa na Nigeria Learning Passport kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ce da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, amfaninsa shi ne an gina shi kan manhajar karatunmu, kuma akwai darussa da Hausa, rajista kyauta. Ingancin darussan bai zama ɗaya ba, wasu sun yi kyau wasu karanta littafi ne kawai aka yi a bidiyo, don haka ki kalla tukuna kafin ki kai aji. Khan Academy, shafin darussan bidiyo, ya fi ƙarfi a lissafi, amma Turancin Amurka ne da sauri, yaranmu na aji ɗaya ba sa bi, ni na fi amfani da shi don kaina, in kalli yadda aka warware abu in zo in yi da Hausa da misalan gida. Haka TESSA, tarin kayan koyarwa wanda jami'ar Open University ta Ingila ta shirya tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka har da na Najeriya, shi don malami aka yi shi kuma yana magana kan babban aji da rashin kayan aiki, ba ajin yara 20 mai na'urar sanyaya ɗaki ba.

In Allah ya sa makarantarku ta samu ko da laftof ɗaya ce, ko tsohuwa, to abubuwa uku za ki sa mata. Kolibri, wanda ke ɗauke darussa irin na Khan Academy da PhET da African Storybook ya ajiye a cikinta, sauran wayoyi su haɗu da ita su gani ba tare da intanet ba. Kiwix, wanda ke ba ki Wikipedia a ajiye, har da ta Hausa. Sai Scratch na jami'ar MIT, inda yara ke jera umarni kamar bulo su sa hoto ya yi tafiya ya yi magana, nan ne mafarin rubuta manhaja. Kuma ki yi ƙoƙari kowane yaro ya taɓa madannai da linzamin kwamfuta (maus) kafin ya bar hannunki, don JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara a 2024 da masu rubuta jarrabawa da kansu ba ta hannun makaranta ba. Na ga yara masu ƙoƙari da suka rasa minti 20 na jarrabawa saboda hannu na rawa, ba su taɓa zama gaban allon kwamfuta ba. Ko zanen madannai a kwali da nuna musu inda A, B, C, D suke, da N na gaba da P na baya, yana rage wannan tsoron.

Wata dabara da ta fi duk waɗannan sauƙi, ku haɗu ku malaman kimiyya 4 ko 5 na makarantun kusa, kowa ya ɗauki darussa biyu ya nemo ya tace, ku haɗu sau ɗaya a wata ku tura wa juna ta Xender. Data ta ragu, aiki ya ragu, kuma abin da aka kawo wani ya riga ya gwada shi a aji irin naki.

Batun su ChatGPT

Za a tambaye ki game da ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa kamar mutum, yaran ma wasu sun riga sun gan shi a wayar yayyensu, ga Meta AI a cikin WhatsApp. Ni ina amfani da shi wajen shirya darasi, in ce ya ba ni tambayoyi 10 kan narkewar abinci daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ko ya sauƙaƙa min wani bayani. Amma komai sai na duba da littafi don yana kuskure kuma da ƙarfin hali yake faɗar kuskuren, Hausarsa ma wani lokaci sai kin gyara. A jihar Edo an yi gwaji a 2024 tare da Bankin Duniya, sati 6 ɗaliban sakandare na koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi, sakamakon ya yi kyau, sai dai malamai na tare da su suna jagora, ba miƙa musu aka yi aka tafi ba. Ga yaranki 'yan shekara 12 da 13 abin da ya fi shi ne ki kawo amsar da ya bayar ki rubuta a allo ki ce su nemo inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Inda abin nawa ya tsaya

Ba zan ɓoye miki ba Malama, duk wannan ba ya gyara aji mai yara 90, raba ajin da ƙaro malamai ne gyaransa kuma ba a hannunki yake ba. A minti 40 rukuni 9 ba za su zo tebur duka ba, sai ki raba kwana biyu, wani satin ma jarrabawa ta matso dole ki koma allo ki gama abin da aka tsara. Ni kuma yawancin aikina a makarantun cikin gari da kewaye na yi shi, inda ko ba wuta akwai shagon caji a bakin titi, malamin da ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun netwok nauyinsa ya fi haka. Akwai kuma yaran da na yi duk dabarar da na sani ba su motsa ba, wasu yunwa ce, wasu talla ke hana su zuwa kwana biyu a sati.

Kuma kar ki zauna jiran ranar da za a kawo kwamfutoci. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare laftof dubu ɗaruruwa, da aka yi bincike a 2012 ba a ga ƙarin komai a sakamakon lissafi da karatu ba, saboda yadda ake koyarwa bai canza ba. Ni da idona na ga wata makaranta da aka kai wa kwamfutoci, shekara biyu suna kulle a sito cikin kwalayensu don shugaban na tsoron a sace a ce shi ne, har ɓera ya ci wayoyin. In naku sun zo, ki nemi a rubuta jadawalin shiga ɗakin kwamfutocin a manna a ƙofa tun satin farko.

In ni ne ke, ranar Litinin zan fara da takardar karatun nan ta layi huɗu, ranar Alhamis in shigo da kwalaye 5. PhET kuma ki sauke guda ɗaya tak, wanda ya dace da darasin da ke gabanki, ki yi wasa da shi a gida har hannunki ya saba kafin yara su gani. In kin gwada ki sake rubuto min yadda ta kaya, musamman adadin waɗanda suka iya karanta labarin, daga nan sai mu san yadda za a raba rukunin. Allah ya taimaka, ya sa albarka a yaran.